Liba biyu da guduma: cire taya da hannu ya zama tarihi ke nan?

Tsohon_Direba_Jega:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Yau da masu faci nake, na kuma san suna nan da yawa, to kowa ya gyara zama. Shekaranjiya na taso daga Jega zan shiga Birnin Kebbi, ina wuce Kalgo kaɗan tayar baya ta sace. Na ɗaura safaya na lallaɓa har cikin gari, na tsaya wani babban shagon faci, ga injin cire taya nan a girke ja-wur yana ƙyalli. Yaron da na iske ya jujjuya tayar ya ce yankan ya yi girma, sai an buɗe an yi mata faci ta ciki, amma sai dai in jira, an ɗauke wuta, janareto kuma ba mai. Na ce to ɗauko liba mana, ƙarfen nan da ake ɓanɓaro taya daga rim da shi. Ya ce su ba sa aiki da liba. Na ce guduma fa? Sai ya kwashe da dariya, wai "Alhaji ai wannan aikin da ne."

Ni shekara tara na yi ina yaron mota kafin maigidana ya yarda ya miƙa mini sitiyari, a Bedford kuma na fara. Abin da ke cikin akwatinmu bai wuce liba biyu da maƙeri ya buga daga tsohon sifirin ba, sai guduma, weji, jak, famfon ƙafa da tsohon fistan na gasa faci. Da waɗannan muke buɗe tayar da ta fi yaron nan nauyi, tsakar dare tsakanin Koko da Yauri, tocila a baki. Amma saboda tayar Corolla na share awa biyu da rabi a benci ina jiran wuta. Ku faɗa mini, ci gaba ne wannan ko ci gaban mai haƙan rijiya?

Mai_Golf_Kamba:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kun sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Mu da ke bin hanyar Kamba da Kangiwa kullum mun sani, in ba ka iya taɓa tayarka da hannunka ba, wata rana a daji za ka kwana da fasinja.

Bakanaiza_Kalgo:
Alhaji Allah ya ba ku haƙuri, yaron bai kyauta ba da ya yi muku dariya. Amma ku bari in ɗan kare 'yan sana'ata. Rim ɗin Corolla ɗinku na ƙarfe ne ko na alminiyam? In na alminiyam ne, ni ma da ke da liba huɗu a shago zan yi tunani sau biyu. Liba na ɗan zamewa sai ta ɓare fenti ko ta ci bakin rim, mai mota kuwa ba zai tuna shi ya ce a yi ba, cewa zai yi ka biya. Na taɓa biya, shi ya sa. Sannan rim ɗin tublis, wato tayar da ba ta da tiyub, yana da wani ɗan tudu ta ciki da ke riƙe bakin taya don kada ya zame in iska ta yi ƙasa. Wannan tudun ne ke sa sakin bakin tublis ya fi na mai tiyub wuya. Ga kuma tayoyin yaran yanzu masu siririn gefe, ba su da inda za su lanƙwasa. Wasu motocin ma akwai na'urar auna iska manne da bawul ta ciki, ka dosa liba a wurin ka karya ta, kuɗin aikinka na sati ya tafi.

Tsohon_Direba_Jega:
@Bakanaiza_Kalgo na ƙarfe ne ɗana, baƙi ƙirin, wanda ko jaki ya taka ba abin da zai same shi. Ban ce a jefar da inji ba. Cewa na yi wanda bai iya aikin da hannu ba bai kai a ce masa mai faci ba.

Baba_Mai_Liba_Argungu:
Ɗana ke rubuta min, idona ba shi ganin ƙananan baƙaƙe. Shekara arba'in da 'yan kai ina hwaci bakin tasha. Abin da yara ba su gane ba, aikin ga ba na ƙarhi ba ne. Ka duba tsakiyar rim, akwai kwari da anka yi mai zagaye. Duk sirrin cire taya cikin kwarin nan yake.

Ga yadda munka koya. Ka hwara cire ƙwayar bawul iska ta hita ƙaf. Ka aje wili ƙasa, ka zuba ruwan sabulu tsakanin rim da bakin taya. Ka ɗauko guntun sifirin mai dakusasshen baki ka dosa nan, ka buga da guduma, ka matsa gaba kaɗan ka ƙara bugawa, kana zagayawa har bakin ya saki ya hwaɗa ciki. Ka juya ɗaya gehen ka yi mai haka. To daga nan, gehen da kwarin ya hi kusa da baki shi za ka sa sama. Ka hau da ƙahwa biyu ka taka taya daidai wajen da ke kallon bawul daga can ƙetare, har bakin ya nutse cikin kwari. Kana tsaye bisa, sai ka sa liba kusa da bawul ka ɓanɓaro. Ka bar ta nan, ka sa ta biyu, tsakaninsu kar ya wuce yatsa huɗu. Kaɗan-kaɗan, awa mai cin tuwo da zahi. Kana kai sulusi sauran da hannu zai hito.

Maigidana, Allah ya jiƙan shi, in ya ji yaro na nishi bisa liba sai ya ce sauka, bakin bai shiga kwari ba. Kuma bai taɓa yin kuskure ba.

Injiniya_Zuru:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in ƙara dalilin abin. A cikin bakin kowace taya akwai zoben wayar ƙarfe da aka naɗa, ba ya miƙewa, kuma faɗinsa bai kai na leɓen rim ba. Da ƙarfi kaɗai ba zai taɓa haurawa ba sai dai wayar ta tsinke. Idan ɓangare ɗaya ya faɗa kwarin tsakiya, inda rim ya fi tsukewa, sai ɗaya ɓangaren ya sami sararin haurawa. Injin da ake taƙama da shi ma haka yake yi, shi ya sa za ka ga mai inji na danna gefen taya da hannu yayin da faifan ke juyawa. Wanda bai san kwari ba, ko da inji sai ya yaga bakin taya. Tublis kuwa in bakinta ya yage ta gama aiki, don nan ne take riƙe iska.

Maman_Ummi_BK:
Ni duk wannan bai dame ni ba, ba zan taɓa buɗe taya daga rim ba har abada. Matsalata noti. Watan jiya a hanyar Argungu taya ta sace mini, ni da yara uku. Ina da safaya, ina da jak, na kuma san yadda ake yi don mahaifina direba ne. Amma noti ko ɗaya ya ƙi motsi. Na hau wil-sifana da ƙafa, na yi tsalle a kai, ƙarshe sifanar ce ta lanƙwashe. Sai da wasu masu babur suka taimaka da bututun ƙarfe. Ashe wanda ya sa mini tayoyin da bindigar iska ya ɗaure su. Ku masu faci, wa kuke ɗaure wa haka?

Bakanaiza_Kalgo:
Hajiya wannan kam laifinmu ne, ba musu. Bindigar iska ta kwancewa ce da kusantar da noti, ƙarasawa da hannu ya kamata a yi. Wasu yaran daɗin ƙarar suke ji.

Yaron_Mota_Koko:
Hajiya ki nemi bututun ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya da rabi ki ajiye a but, wanda wil-sifana za ta shige cikinsa. Na kwancewa ne kawai, kar a ɗaure da shi. Kuma ki sassauta noti tun taya na ƙasa kafin ki ɗaga jak, in kin ɗaga juyawa kawai za ta riƙa yi, motar ma tana iya zamewa. Wajen ɗaurewa kar ki bi su a jere, ki riƙa tsallakawa, wannan sannan na ƙetarensa, don wili ya zauna daidai. Ƙarasawa sai mota ta sauka ƙasa. Abu na ƙarshe, katako mai kauri. Ƙasarmu yashi ce, jak na nutsewa. Mu a babbar mota ba a tashi ba katako da weji, ni nake ɗaukarsu, har yau kafaɗata ta san nauyinsu.

Mai_Golf_Kamba:
A ƙara da duba lambar sifana. Golf 17 ce, Honda 19, yawancin Toyota 21. Na ga wanda ya sayi mota ya yi wata shida yana yawo da sifanar da ba ta shiga notinsa, sai ranar da ta ɓaci ya sani.

Malam_Ticha_Aliero:
Tunda Alhaji ya ambaci fistan na gasa faci, ko kun san daga nan sunan bakanaiza ya samo asali? Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya yi rajistar dabarar dafa ɗanyar roba da farar wuta a 1844. Kafin nan roba in ta ji zafi sai ta yi danƙo, in ta ji sanyi ta sandare. Sunan da Turawa suka ba dabarar, wato vulcanization, daga Vulcan aka ɗauko, gunkin wuta na Rumawan da. Ke nan asalin bakanaiza shi ne mai gasa roba da wuta, ba mai cire taya ba. Wanda bai iya facin wuta ba, sunan ma aro ya yi.

Ɗan_Yauri_85:
Malam ya iso da allo. To ai na ɗauka Dunlop ne ya ƙirƙiro komai na taya.

Malam_Ticha_Aliero:
@Ɗan_Yauri_85 John Dunlop likitan dabbobi ne a Belfast, a 1888 ya yi rajistar taya mai iska bayan ya gwada ta a keken ɗansa. Amma wani Robert Thomson ya riga shi tun 1845, tasa ce ba ta karɓu ba. Abin da ya fi shafar muhawarar nan shi ne na 'yan uwa biyu masu Michelin a Faransa. A 1891 suka fito da tayar keke da ake iya cirewa a gyara a mayar. Kafin nan manne ta ake yi da gam a jikin wili, faci ɗaya sai ya ci sa'o'i. Tublis kuwa kamfanin Goodrich na Amurka ya sanar da ita a 1947, zuwa tsakiyar shekarun 1950 ta zama ita ce a sababbin motocin can. Mu nan mun daɗe a kan tiyub bayan haka.

Baba_Mai_Liba_Argungu:
Malam ya yi gaskiya, hwacin wuta shi ne hwaci. Ka hura tiyub ka tsoma cikin rabin duro, inda kumfa ta taso ka soka tsinken ashana don kar ya ɓace ma. Ka shanya ya bushe. Ka kankare wurin da magagari ko samfefa har ya yi kaushi, ka shafa sholisho siriri, ka jira ya daina kama yatsa. Masu gaggawa nan suke hwaɗuwa. Ka yanko ɗanyar roba ka ɗora, ka rufe da takarda mai ƙyalli ta kwalin sigari don kar ta like ma ƙarhe. Sai ka kihe fistan bisa, kansa mai santsi na danne hwaci, kwarinsa na kallon sama, ka matse da dannau. Ka zuba kananzir kaɗan cikin kwarin da guntun tsumma ka kunna. In wuta ta mutu kar ka taɓa, ka bari ya huce don kansa. Ka buɗe ka gani, hwaci da tiyub sun zama abu guda, ko da farce ba ka samun bakinsa.

Gwanintar tana ga yawan kananzir. Ya yi kaɗan roba ba ta nuna ba, ya yi yawa ka ƙone tiyub ɗin mutane. Ni da murhin kwalba nake awo, kuma na tiyub ɗin babur daban da na babbar mota.

Mai_Albasa_Aliero:
Facin sanyi na kwali da ake mannawa yanzu fa, Baba? Ni dai a zafin watan Afrilu, da lodin albasa, sau biyu yana ɗagowa.

Bakanaiza_Kalgo:
@Mai_Albasa_Aliero facin sanyi mai kyau ba ya ɗagowa in an kankare da kyau an bar gam ya sha iska. Matsalar jabun gam ne da gaggawa. Amma ban ƙi ta Baba ba, in yanka ne dogo a tiyub, ni ma wuta nake kunnawa. Sai dai nawa na lantarki ne, ƙarfen dutsen guga aka juya.

Tsohon_Direba_Jega:
Ka ji ko. In an ɗauke wuta shi ma ya kwanta. Mun dawo inda muka fara.

Mai_Albasa_Aliero:
Bari in ba ku nawa labarin noti, ya fi na Hajiya ciwo. Motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta gare ni. Bara muna lodi a gona tayar gaba ta hagu ta sace, direba ya tafi cin abinci, sai yaran lodi suka ce za su taimaka. Ƙarti uku suka hau bututu suna tsalle, noti ya ƙi. Suka ƙaro na huɗu. Sai ji muka yi ƙas, kusar ta karye. Suka koma ta biyu ita ma suka karya. Direba na dawowa ya ɗora hannu a ka, ya ce gefen hagu na motar nan zarensa a juye yake, duk tsallen da suke yi ɗaurewa suke ƙara yi. Ya goge kan kusar da tsumma ya nuna mini harafin L. Kwana biyu albasa na rana.

Injiniya_Zuru:
Haka ne, yawancin tsofaffin manyan motocin Japan irin Kanta da Isuzu, notin gefen hagu ta dama ake kwance shi. An yi haka ne don juyawar wili kada ta riƙa sassauta shi. Duk wanda zai taɓa babbar motar da bai sani ba, ya fara goge kan kusa ya duba L ko R.

Amma ni akwai abin da nake so Alhaji ya yarda da shi. Ba duk aikin da ne abin kewa ba. Rim mai zobe na manyan motoci ya kashe mutane da yawa a duniya. Shi ba shi da kwarin da Baba ya faɗa, shimfiɗaɗɗe ne, taya na zurawa ne kawai, sai a kawo zoben ƙarfe a datse ta. Tayar babbar mota tana ɗaukar iska wajen 100 a geji ko fiye, ta ƙaramar mota kuwa 30 da 'yan kai. In zoben bai zauna cikin gurbinsa ba, ko ya yi tsatsa, ko an haɗa zoben wani rim da wani, yana iya tashi da ƙarfin da zai fasa kan mutum. Shi ya sa a manyan garejoji cikin kejin ƙarfe ake hura irin wannan.

Tsohon_Direba_Jega:
Injiniya wannan ban musa maka ba, da idona na gani. A wata tasha, ba sai na faɗi wace ba, yaro na ba taya iska yana tsugune a kanta, maigidansa ya kira shi ya miƙo masa wani abu. Tashinsa ke da wuya zoben ya tashi. Ya huda kwanon rumfa ya fita, muka tsinto shi bayan masu shayi. Yaron ya zauna a ƙasa ya kasa magana, sai da aka ba shi ruwa. Da bai tashi ba da sai dai wani labarin.

Amma mu ma muna da ƙa'ida ai. Ba a hura mai zobe sai an kifa gefen zoben ƙasa, ko a zura sarƙa ta ramukan rim a naɗe taya wuri biyu, ko a tura ta ƙarƙashin bodin mota. Ka ba ta iska kaɗan, ka tsaya ka leƙa ko zobe ya zauna. In bai zauna ba ka sace iskar duka ka sake. Wanda ya bugi zobe da guduma taya na cike, maigidana korarsa yake yi ranar. Kuma tayoyin baya masu tagwaye, in rim ya nuna alamar tsagewa, sai an sace iskar duka biyun kafin a taɓa noti.

Yaron_Mota_Koko:
Alhaji kun manta falaf, robar nan da ake shimfiɗawa tsakanin tiyub da rim. Na taɓa mantawa da ita, na haɗa komai, na yi famfo har hannuna ya mutu, sai ga ta a ƙasa tana kallona. Marin da na sha a Maiyama har yau kunnena na tunawa.

Ɗan_Yauri_85:
Famfon hannu a tayar gingimari? Kai jama'a. Awa nawa?

Tsohon_Direba_Jega:
Ba a ƙirgawa ɗana, karɓa-karɓa ake yi, har fasinjan saman kaya sai ya sauko ya taka nasa. Da motoci masu birkin iska suka yawaita muka huta, sai ka jona tiyo a tankin iska ka bar inji na aiki.

Mai_Golf_Kamba:
Ni dabarar da ta fi cetona a daji ita ce ta sakin baki da jak. Ka kwantar da taya ƙarƙashin mota, ka ɗora gindin jak a gefen taya dab da rim, kansa na tokare da ƙarfen mota, ka riƙa ɗagawa. Nauyin mota ne zai danne bakin ya saki. Wasu katako suke ɗorawa su hau da wata motar, amma na ga an lanƙwasa rim a haka. Inda nake shan wuya shi ne mayar da tublis, in bakin ya ƙi kama rim iska na fita ta gefe. Nan kam sai fetur da ashana.

Injiniya_Zuru:
@Mai_Golf_Kamba don Allah ka daina. Fashewa ce kake haddasawa a cikin taya ba tare da ka san ƙarfinta ba. Tana iya tsinka wayar baki, ko ta raunana ta yadda sai kana gudu da fasinja za ta nuna. Ban da gira da gemu da ake rasawa.

Mai_Golf_Kamba:
Injiniya a ofis kake faɗin haka. Ƙarfe shida na yamma a bayan Kangiwa da mata da yara a mota, me zan yi?

Baba_Mai_Liba_Argungu:
Igiya za ka yi, yaro. Tun kahin a san hetur cikin taya muna yi. Ka naɗa igiya mai ƙwari bisa tsakiyar taya ta zagaye ta, ka ƙulla, ka soka sanda ka riƙa murɗawa. Tsakiya na matsewa, bakuna biyu na buɗewa suna kama rim. Ka shafa sabulu mai kauri, ka cire ƙwayar bawul don iska ta shiga da yawa, ka yi famfo da sauri. Tana hwara kamawa ka sassauta igiya, kar ka bari ta cika da igiya ɗaure. Za ka ji ƙarar zama sau biyu, sannan ka maida ƙwaya. Kuma baƙin mai da wasu ke shafawa madadin sabulu, ku bari. Shina cin roba, kuma ba shi bushewa, taya na iya zamewa bisa rim in anka taka birki.

Maman_Ummi_BK:
Baba Allah ya saka da alheri. Mahaifina hoda yake barbaɗa wa tiyub kafin ya sa, muna yara muna dariya wai taya za ta biki. Ashe da dalili?

Baba_Mai_Liba_Argungu:
Da dalili ɗiyata. Hoda na hana tiyub likewa da naɗewa ciki. Kuma a ɗan hura shi ya yi siffa kahin a zura, in ba haka ba liba ta cije shi, ka gama aiki ka iske ka yi sabon rami biyu da hannunka. Wajen maidawa ka hwara daga ƙetaren bawul ka ƙare ga bawul, ƙarshen da diddige ake taka shi.

Malam_Ticha_Aliero:
Wani abin da ba mu faɗa ba, tayoyin da kansu sun sauya. Na da masu zaren da aka saƙa a gicciye ne, gefensu kauri gare shi, yana jure guduma. Na yanzu irin radiyal ne, wanda Michelin ta yi wa rajista a 1946, gefensu laushi. Sannan a da muna da masana'anta a gida, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Legas. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu a 2008. Yau da yawa daga abin da ke zuwa hannun mai faci gwanjo ne da ya riga ya tsufa a wata ƙasa, roba ta bushe, kana sa liba baki na ɓarɓashewa, a ce mai faci ne ya ɓata. Ku riƙa duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da aka rubuta DOT a gefen taya. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan.

Bakanaiza_Kalgo:
Malam Allah ya biya ka. Wannan ita ce rigimar da muke sha kullum.

Alhaji, na yi tunanin maganarku tun jiya. Yarana uku a shago, na gwada su da safe, na kashe inji na ba su wilin ƙarfe da liba. Ɗaya ne kawai ya fitar, shi ma don ya fara da facin babur a ƙauye. Sauran biyun suna ta kokawa, babu wanda ya taka bakin ya shiga kwari. Ban ji daɗi ba. Amma kuma gaskiya, ranar kasuwa ina buɗe taya talatin, in na ce da hannu za a yi, bayana ba zai kai shekarun Baba ba.

Ɗan_Yauri_85:
To ai masu facin babur da Keke Napep har gobe da liba suke aiki, kowane ƙauye. Aikin bai mutu ba, daga manyan shaguna ne kawai ya yi ƙaura.

Tsohon_Direba_Jega:
@Bakanaiza_Kalgo ka yi abin da ya dace. Ni ban ce ka buɗe talatin da hannu ba, ɗaya tak nake nema ranar da ba wuta. @Ɗan_Yauri_85 libar babur tsawon tafin hannu ce, ba za ta ɗaga bakin tayar mota ba. Na je kasuwa neman ta kirki, duk wadda na ɗauka sai in ji ta kamar cokali.

Ɗan_Maƙera_Gwandu:
Alhaji ta kasuwa ƙarfen banza ce, wasu ma rodin gini ake bugewa, tana jin nauyi ta lanƙwashe. Ku samo ganyen sifirin na tsohuwar a-kori-kura ko Land Rover, ko da karyayye ne, in dai ya kai kamu ɗaya da ɗan ƙari. Mu za mu tsaga shi, mu buga baki ɗaya ya yi faɗi kamar harshe da ɗan lanƙwasa, ɗaya bakin a miƙe. Sai a bi gefuna da magagari har su yi santsi, don kaifi kaɗan ya isa ya yanka tiyub. Wajen shayarwa a mai muke tsomawa, ba ruwa ba. Sifirin in ya sha ruwa yana yin tauri fiye da kima, ranar da aka danna da ƙarfi sai ya ɓalle kamar kwalba, guntun kuma fuska yake nema.

Baba_Mai_Liba_Argungu:
Tawa ta hwarko ma Gwandu anka buga ta. Tana nan, bakin ya cinye har ya koma rabi.

Maman_Ummi_BK:
@Ɗan_Maƙera_Gwandu ni kuma bututun da aka ce in nema, kuna yankawa? Sifanata 21 ce, sabuwa na saya.

Ɗan_Maƙera_Gwandu:
Hajiya wannan wurin masu walda za ki samu nan Birnin Kebbi, ki tafi da sifanar a gwada a gabanki. Alhaji kuma in sifirin ya samu ku aiko da shi ta motar Jega, biyu za su fita a ganye ɗaya in mai faɗi ne.

Bakanaiza_Kalgo:
A buga huɗu, biyu nawa ne. Baba, in na turo yaran nan biyu Argungu ranar Lahadi, za ku duba mini su?

Baba_Mai_Liba_Argungu:
Turo su da sahe kahin rana ta yi zahi. Su zo da wilinsu da sabulunsu, kuma kar su sako takalmin soso.